Yadda Ake Gano Tushen Matsalar Lafiya ko ta Muhalli: Jagora ga Mai Son Yin Bincike

Idan cuta ta ɓulla a wani yanki, ko ruwan kogi ya sauya launi, ko yara suka yawaita tari ba a san dalili ba, abin da ya fi komai saurin yaɗuwa shi ne bayani. Kafin a kwana biyu kowa ya riga ya san wai abin da ya jawo, kuma sau da yawa a kan wannan bayani ake gina matakin da za a ɗauka, alhali babu wanda ya tsaya ya gwada shi. Binciken kimiyya hanya ce ta dakatar da yanke hukunci har sai an ƙirga, an kwatanta, an auna. Matakansa na farko ba sa buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, domin littafi da biro da juriyar yi wa mutane da yawa tambaya iri ɗaya sun isa a fara. Abin da ke biye tsari ne da ma'aikacin lafiya, ko malami, ko ɗan jarida, ko shugaban al'umma zai iya bi. Sharaɗi ɗaya ne ke gabansa duka: idan akwai marasa lafiya a kwance, a fara da kai su asibiti da sanar da hukumar lafiya, bincike ya biyo baya ko ya tafi tare da jinya.

Mataki na farko: a fayyace matsalar

Maganar cewa "mutane suna ta rashin lafiya" ko "iskar nan ba ta da kyau" kuka ne, kuma ba a iya bincikar kuka sai an mayar da shi tambaya. Tambayar da ake iya bincika tana ɗauke da abubuwa uku, wato su wane ne abin ya shafa, a ina, kuma tun yaushe. Masu binciken annoba suna fara rubuta ma'aunin da zai nuna wanda za a ƙirga a cikin masu cutar. Idan ana zargin kwalara, alal misali, ana iya cewa duk mazaunin yanki kaza da ya yi zawo mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye cikin awa 24, daga ranar kaza zuwa yau. Da zarar an rubuta wannan ma'auni sai a tsaya a kansa, kada a faɗaɗa shi domin a shigar da wanda ya dace da zaton mai bincike, kada kuma a ƙuntata shi domin a fitar da wanda ya saɓa masa. Haka abin yake a sha'anin muhalli. Maimakon a ce hayaƙi ya yi yawa, a rubuta lokacin da ake jin warinsa, da inda iska ke kaɗawa a lokacin, da ranakun da ba a jin sa ko kaɗan.

Mataki na biyu: a ƙirga, a zana

A buɗe jadawali, kowane mutum da layinsa: shekarunsa, jinsinsa, inda yake kwana, inda yake aiki, ranar da ciwon ya fara, alamomin da ya nuna, da inda yake samun ruwan sha. Ranar fara ciwo ta fi ranar zuwa asibiti muhimmanci, domin ita ce ke nuna lokacin da mutum ya haɗu da sanadin. Idan aka jera ranakun a takarda, siffar da za ta fito tana da magana. Adadin da ya tashi sama lokaci guda sannan ya sauko yakan nuna cewa mutane sun kamu daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, amma wanda yake hawa yana sauka yana sake hawa yakan nuna cewa cutar tana bi daga mutum zuwa mutum.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙirga masu ciwo a manta da yawan jama'ar da suka fito daga ciki. A ce an sami mutum 40 a unguwa mai mutum 4,000, aka kuma sami mutum 15 a unguwa mai mutum 300. Ido zai fara faɗawa kan 40, amma a unguwa ta farko mutum 1 ne cikin 100 ya kamu, a ta biyu kuwa mutum 5 ne cikin 100. Ƙaramar unguwar ce ke da babbar matsala, kuma nan ya kamata a fara dubawa.

Bayan haka sai taswira. A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana 10 a wani ɗan yanki na birnin Landan. Yawancin likitocin zamanin sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Likita John Snow ya karɓi jerin sunayen mamatan, ya bi gidajensu yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya tarar mace-macen sun taru kewaye da famfo guda da ke titin Broad. Ya yi wannan aiki kusan shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya ƙwayar da ke haddasa kwalara, wanda ke nuna cewa ana iya gano hanyar da cuta ke bi tun ba a ga ƙwayarta ba.

Mataki na uku: a nemi waɗanda abin bai taɓa ba

A ganina wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Idan aka tambayi marasa lafiya kaɗai aka ji duk sun sha ruwa daga rijiya ɗaya, ba a gano komai ba tukuna, domin mai yiwuwa kowa a yankin daga nan yake sha, da mai ciwo da mai lafiya. Tambayar tana samun ma'ana ne kawai idan aka yi ta ga rukuni biyu aka ga bambanci.

Abin da ya ƙarfafa hujjar Snow shi ne waɗanda suka fita daga tsari. A kusa da famfon akwai wani gidan marasa galihu mai mutum 535, amma mutum 5 kawai suka mutu a cikinsa, kuma da ya bincika sai ya tarar gidan yana da tasa rijiyar. A can nesa kuma, a Hampstead inda babu annobar, wata mata ta mutu da kwalara, sai aka gano cewa ana kai mata ruwan wannan famfo a kwalba saboda tana son ɗanɗanonsa. Makusancin da bai sha ba ya tsira, na nesa da ya sha ya mutu, kuma bayanin gurɓatacciyar iska ba shi da amsa a kan ko ɗaya daga cikinsu. Snow ya kuma kwatanta gidajen da kamfanonin ruwa biyu ke kai wa ruwa a tituna ɗaya na kudancin Landan. Kamfanin da ke ɗiba daga ɓangaren kogin Thames da ƙazantar birni ke kwarara, an sami mace-mace 315 a kowane gida 10,000 na masu shan ruwansa, yayin da wanda ya mayar da wurin ɗibansa can sama da birnin aka sami 37 kacal.

Mai bincike na yau zai iya yin irin wannan da ƙaramin ƙarfi. Ga kowane mara lafiya, a samo mutum ɗaya ko biyu masu lafiya da suka yi kama da shi a shekaru da jinsi da wurin zama, a yi musu tambayoyi iri ɗaya da lafazi ɗaya, ba tare da an nuna musu amsar da ake fata ba. Richard Doll da Austin Bradford Hill sun bi wannan hanya a binciken da suka wallafa a 1950. Cikin maza 649 masu kansar huhu a asibitocin Landan, 2 ne kawai ba sa shan taba, amma cikin maza 649 da ke kwance da wasu cututtuka an sami 27. Shan taba ya zama ruwan dare a duka ɓangarorin, don haka da masu kansar kaɗai aka duba da ba a ga komai ba.

Mataki na huɗu: a yi ƙoƙarin karya zaton kai

Da zarar mutum ya sami bayanin da ya kwanta masa a rai, idonsa yakan daina ganin abin da ya saɓa masa. Maganin wannan shi ne a rubuta duk bayanan da za su yiwu, aƙalla uku ko huɗu, a kuma rubuta a gefen kowanne abin da za a gani idan ƙarya ne. Likita Ignaz Semmelweis ya yi haka a babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya, inda mata masu jego ke mutuwa da zazzaɓi a ɗakin haihuwar da ɗaliban likita ke aiki fiye da ninki biyu na ɗakin da ungozoma ke aiki. Ya duba cunkoso, sai ya ga ɗakin ungozoma ne ma ya fi cika. Ya sauya yadda mata ke kwanciya lokacin haihuwa, babu abin da ya canja. Sai a 1847, bayan abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya mutu da irin wannan ciwo sakamakon yankan wuƙa a ɗakin fiɗar gawa, ya gane cewa ɗaliban suna zuwa wurin masu naƙuda kai tsaye daga taɓa gawa. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, adadin mace-mace ya sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kusan kashi 2 a watan Yuni.

Akwai tarkuna da ya kamata a duba ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci abubuwa biyu suna tafiya tare ne saboda wani abu na uku da ke bayansu. Masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da kansar huhu, amma laifin na taba ne. Wani lokaci kuma ana ɗaukar sakamako a matsayin sanadi: idan aka ga gidajen da ke tafasa ruwa sun fi yawan masu zawo, mai yiwuwa sun fara tafasawa ne bayan ciwon ya shigo musu. Ƙananan alƙaluma suna ruɗi, domin mutum 3 masu ciwo iri ɗaya a layi ɗaya na iya zama dace kawai. Mara lafiya kuma yakan fi mai lafiya tuna abin da ya ci ko ya sha, tunda ya daɗe yana juya abin a ransa.

Tarkon da ya fi kama masu kyakkyawar niyya shi ne na lokaci. Mutane suna neman magani ne idan ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, kuma yawancin cututtuka daga nan suke fara lafawa da kansu, sai a yaba wa abin da aka sha na ƙarshe. Ko a labarin famfon Landan, an cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, 1854, amma Snow da kansa ya rubuta cewa annobar ta riga ta fara raguwa kafin nan, saboda jama'a da yawa sun tsere daga unguwar. Mai bincike na ƙwarai yana faɗin irin wannan ko da zai rage wa labarinsa armashi.

A 1965 Bradford Hill ya zayyana abubuwa tara da ke taimakawa wajen bambance sanadi da dace. Waɗanda suka fi amfani ga mai aiki a fili su ne ko sanadin ya riga cutar zuwa, ko alaƙar tana da ƙarfi, ko cutar tana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar haɗuwa da abin, ko an ga haka a wasu wurare, sannan ko cire abin yana rage cutar.

Mataki na biyar: a auna

Ido da hanci da harshe ba sa gano yawancin abubuwan da ke cutarwa. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a Bangaladash domin a raba jama'a da ruwan tafki mai kawo zawo, kuma ruwan ya fito garau ba wari ba ɗanɗano. Sai a shekarun 1990 aka tabbatar cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da gubar arsenik da ke cikin ƙasa tun asali, wadda ba a gwada ba a farko domin ba a yi zaton ta ba. Daga baya aka bi rijiyoyin ana gwadawa, ana shafa jan fenti ga masu guba da kore ga masu kyau.

Kafin a ɗauki samfur a tuntuɓi ɗakin gwajin da za a kai, domin kowane gwaji da irin kwalbarsa. Samfurin neman ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta, a ajiye shi cikin sanyi, a isar da shi cikin awa 6 idan zai yiwu, kada dai ya wuce awa 24. A rubuta wuri da rana da lokaci a jikin kowace kwalba. A ɗauka daga wurin da ake zargi, a kuma ɗauka daga wurin da ba a zargi. Idan kogi ne, a ɗiba sama da inda ake zubar da sharar da kuma ƙasa da shi. Ruwan sha kuwa a gwada shi a tushensa da kuma a mazubin da ake ajiye shi a gida, tunda ruwa mai kyau yakan gurɓace a tsakanin nan. Sakamakon a gwama shi da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda suka ce kada a sami ƙwayar E. coli (alamar gurɓatar ruwa da bahaya) ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, kuma arsenik ko dalma kada su wuce maikurogiram 10 a lita guda. Gwaji ɗaya yana bayyana halin rana ɗaya ne kawai, saboda haka a maimaita, musamman bayan ruwan sama.

Mataki na shida: a duba abin da wasu suka gano, a auna nauyinsa

Da wuya a sami matsalar da ba ta taɓa faruwa a wani wuri ba. Sai dai ba kowane rubutu da ke ɗauke da kalmar "bincike" ke da nauyi ɗaya ba. Labarin mutum guda da ya warke shi ne mafi rauni, sai binciken da ya kwatanta rukunoni, sai gwajin da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, sai kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da yawa wuri ɗaya. A tambaya mutum nawa aka bincika, da wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin aikin, kuma ko wasu sun maimaita sun sami sakamako iri ɗaya. A 1998 mujallar The Lancet ta wallafa rahoton Andrew Wakefield kan yara 12 kacal, wanda ya jefa shakku cewa wata allurar rigakafin ƙyanda tana da alaƙa da otizim, larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro. Binciken da aka yi a Denmak kan yara fiye da 500,000 bai ga wata alaƙa ba, kuma mujallar ta janye rahoton a 2010. Idan kuma aka ce wani abu ya ninka haɗari, a tambaya daga nawa zuwa nawa, domin daga 1 zuwa 2 cikin miliyan ninki ne, daga 10 zuwa 20 cikin 100 ma ninki ne.

Mataki na bakwai: a gwada mafita a ƙaramin wuri

Tun kafin a fara, a rubuta abin da za a auna da lokacin da za a auna shi, domin wanda ya bari sai bayan aiki zai zaɓi ma'aunin da ya yi masa daɗi. A ware rukunin da za a kwatanta da shi, kuma idan da hali ƙuri'a ta yi rabon. A 1747 James Lind ya raba ma'aikatan jirgin ruwa 12 masu ciwon zubar jinin dasashi gida shida, kowane gida da maganinsa, sai waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami suka fi kowa saurin murmurewa. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, tace ruwa da tsohon ƙyallen auduga da aka ninka sau huɗu ko fiye ya rage kwalara da kusan rabi a ƙauyukan Bangaladash, saboda ƙwayar cutar tana maƙale wa wasu ƙananan halittun ruwa da ƙyallen ke tarewa. Duk gwajin da ya shafi jikin mutane yana buƙatar yardarsu da izinin hukuma, kuma ba a hana kowa maganin da aka riga aka san yana aiki domin a yi kwatance.

Wajen zaɓar mafita, toshe tushen matsala yana gaba da jinyar waɗanda ta kama. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta lura da mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan jihar Zamfara ta Najeriya, masu farfaɗiya da ba ta jin maganin zazzaɓin cizon sauro. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 sun rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasar da ta sa masa gubar, don haka aka riƙa kankare ƙasar gidajen ana zuba sabuwa kafin a mayar da yaran.

Wani lokaci jiran cikakkiyar hujja shi kansa ɓarna ne. An gano cutar Minamata, mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a Japan a 1956, masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka danganta ta da sinadarin makuri a 1959, amma sai 1968 gwamnati ta amince a hukumance cewa ruwan masana'anta ne sanadi. Ƙa'idar da ta dace ita ce a auna tsadar kuskure ta kowane ɓangare. Idan matakin mai sauƙi ne kuma ana iya janye shi, kamar rufe rijiya na ɗan lokaci tare da samar da wani ruwan, a ɗauke shi da matsakaiciyar hujja. Idan mai tsada ne ko zai taɓa abincin mutane da sana'arsu, a nemi hujja mai ƙarfi.

Mataki na takwas: a ci gaba da ƙirga bayan an ɗauki mataki

A sanar da waɗanda abin ya shafa sakamakon da harshen da suke ji, a bambance musu abin da aka tabbatar da abin da ake zato, a kuma miƙa rubutaccen rahoto ga hukumar da ke da ikon yin gyara. Jadawalin da aka buɗe a mataki na biyu kada a rufe shi, domin shi ne zai nuna ko gyaran ya yi aiki, kuma shi zai fara nuna idan lamarin ya sauya salo. Cutar kurkunu ba ta da magani ko allurar rigakafi, amma tace ruwa, da hana masu cutar shiga tafki, da rahoton wata-wata daga ƙauyuka sun sauko da ita daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 zuwa 13 a 2022. Wannan sa ido ne ya sa aka gano a Chadi, wajen 2012, cewa tsutsar tana kama karnuka, abin da tsarin yaƙi da cutar bai tanada ba. Aka ƙara sababbin matakai, wato ɗaure karnukan da suka kamu har tsutsar ta gama fita, da binne kayan cikin kifi domin kada karnuka su ci.